Gangar Deonarine a Bakin Titi

Akwai wata tsohuwa a ƙauyenmu na Berbice, a Guyana, sunanta Chandroutie. Kayan lambu take sayarwa, kuma ɗanta ɗaya tak, Deonarine, wanda ya fi kowa iya kaɗa ganga a yankinmu.

Giya ce ta kai shi ta baro. Ya bugu wata rana, ya fasa wa wani mutum kai da kwalba, aka ɗaure shi. Da ya fito daga gidan yari ya daina sha, ya je har gida ya roƙi mutumin gafara, ya yafe masa. Amma ƙauye bai yafe ba.

Ana gab da Phagwa, bikinmu na Hindu da ake watsa wa juna ruwan kala, sai Harrilall, mai injin casar shinkafa kuma shugaban mandir, ɗakin ibadarmu, ya aika wa Deonarine da saƙo: kada tsohon fursuna ya tako harabar ranar biki.

Da safiyar biki Deonarine ya haɗa jakarsa, ya ce wa uwarsa daji zai tafi haƙar zinare.

"Yaushe za ka dawo?"

"Inna, me zan dawo yi? Ko gaisuwa ba a amsa mini."

Chandroutie ta san masu tafiya dajin nan da irin wannan zuciya. Ba sa dawowa. Ta ƙwace jakar, ta zauna a kanta.

"Jiya da yamma me aka ƙona a fili?"

"Wutar Holika."

"Me ya sa ake ƙona ta?"

"Inna, ni ba yaro ba ne."

"To tunda ka girma, ka san mugunta ce ake ƙonawa, da duk wani ƙullin bara. Naka laifin ne kaɗai ba ya cin wuta? Ɗauko gangarka."

Suka bi ta fili. Ta ɗebi tokar wutar jiya, ta shafa masa a goshi kamar yadda kowa ke yi da safiyar biki. Daga nan ta tasa shi gaba sai ƙofar mandir.

Harrilall na tsaye a ƙofa cikin farar riga mai guga. Shekara da shekaru ba wanda ya isa ya watsa masa ruwan kala, don rabin ƙauyen a injinsa suke cin abinci.

"Goggo, ke shiga. Shi kuwa ya san inda ya fito."

"Daga cikina ya fito, Harrilall. Tare da uwarka muka yi goyo."

"Wuri mai tsarki ne nan."

"Shi ya sa na kawo shi. Mai dauɗa ke neman ruwa."

Harrilall ya ja ƙyaure ya rufe. Tsohuwar ta waiwaya ta dubi titi.

"Harabar taka ce, na ji. Titin fa, shi ma kai ka casa shi?"

Ta zaunar da ɗanta a bakin kwalbati, ta ce ya kaɗa. Ya fara kaɗawa a hankali. Ita kaɗai ta ɗaga murya tana waƙar biki, murya duk ta dishe, ba ta damu ba.

A cikin haraba mawaƙa na ta fama, don makaɗin da aka samo ba ya riƙe kiɗa. Can sai gangar titi ta zauna daidai. Mutum na farko da ya buɗe ƙyaure ya fito shi ne wanda aka fasa wa kai. Ya juye wa Deonarine bokitin jan ruwa tun daga ka, ya zauna kusa da shi yana tafi.

Shi ke nan. Mata suka fito, mawaƙa suka biyo su. Kafin rana ta take, titi ya cika, kowa ya rine da ja da shuɗi da kore.

Harrilall ya kira direbansa. "Je ka fitar mini da shi daga nan."

Direban ya leƙa, ya dawo yana sosa ƙeya. "Maigida, wanne daga ciki? Yanzu gangar hannu zuwa hannu take yi, kuma duk kamarsu ɗaya."

Pandit, malamin da ke jan ibada, yana jin su. Ya ce, "Ai don haka ake watsa kalar, Harrilall. Yau ba mai inji, ba fursuna." Ya naɗe ƙafar wandonsa, shi ma ya fita.

Chandroutie ta zo bakin ƙyaure da garin kala a tafin hannunta, ta tsaya gaban Harrilall.

"Sunkuyo, ɗana, ban kai ka ba."

Bai sunkuya ba. Ya shiga motarsa ya tafi gida, ya zauna shi kaɗai a baranda yana jiyo kiɗa daga nesa. Ba wanda ya zo gaishe shi a ranar, ba wanda ya kawo masa ko ɗan kayan zaƙi.

Da la'asar matarsa ta shigo, ja wur har cikin kunne, tana dariya.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Deonarine. Kuma na gayyace shi da uwarsa cin abinci gobe. In ba za ka iya zama da su ba, ga baranda."

Deonarine bai tafi daji ba. Har yau shi ke kaɗa mana.

Darasi: Wanda ya tuba ya gyara, kada ka tsare masa ƙofa, don ƙofar ba taka ba ce. In kuma kai aka rufe wa, kada ka gudu, tsaya inda kake ka yi abin da ka iya. Ku tura wa wani da ke ganin an gama da shi.