Hanyar Rani a Cikin Damina

Akwai wani mutum mazaunin birni mai yara biyu, Tabita 'yar shekara bakwai da ƙanenta Kefas ɗan shekara huɗu. Yana ƙaunar yaran nan, ba a magana, amma kai, mutumin akwai zargi! Ko fura ka dama masa, sai ya leƙa ƙasan ƙwarya kafin ya sha.

Wata Asabar, damina ta yi nisa, ya ce zai kai yaran karkara su miƙe ƙafa, su ga inda abinci yake fitowa, gama Kefas yana tsammani a cikin buhu hatsi yake tsirowa. Suka sauka daga mota a bakin titi. Ya buɗe taswira a wayarsa, ta nuna masa wata siririyar hanya da ta miƙe sak zuwa dutsen da suke so su hau.

Da suka taɓa tafiya, sai ga wani tsoho a bakin gonar dawa yana wasa lauje. Mutumin ya ce, "Sannu da aiki, dattijo."

Tsohon ya ce, "Yawwa, ɗana. In dutse za ku, kada ku bi nan. Wannan hanyar rani ce, da ruwa ya sauka muka nome ta. Ku zaga ta gindin ɗorawar can. Da ɗan nisa, amma ita ce hanya."

Mutumin ya dubi laujen, ya dubi ɗorawar, ba kowa a wajen. Ya ce a ransa, "Wa ya gaya masa dutse za mu? Ko dai rowar gonarsa yake yi, ko kuwa yana da mutane a can suna jira. Ita waya ba ta da gona, ba ta da abokan ɓarna." Tsohon ya buɗe baki zai ƙara magana, mutumin ya katse shi da "Mun gode," ya ja yaransa suka kutsa.

Dawa ta shanye kansu. Hanya ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace, amma shuɗin ɗigon da ke nuna inda suke a taswirar yana nan yana cewa daidai suke. Sai ya ji kara yana motsi a bayansu, kwaras, kwaras, da murya tana cewa, "Ɗana, tsaya!" Mutumin ya ce, "Ban faɗa ba? Ga shi ya biyo mu." Ya ƙara sauri, hannu ɗaya riƙe da Tabita, ɗayan riƙe da waya. Kefas kuwa, ƙafar wandon ubansa ya kama, yana ta tuntuɓe a kan kunyoyin gona.

Can sai Tabita ta ce, "Baba, ina Kefas?"

Wayyo! Mutumin ya juya, babu yaro. Ya ƙwala kira, ya yi ta karya dawa kamar mahaukaci, yana cewa, "Ya sace mini ɗa!" Ya faɗo wani ɗan sarari, sai ga tsohon a durƙushe, ya damƙe rigar Kefas ta baya, yaro yana tsala kuka. Mutumin ya suri dutse. Tabita ta ja shi, ta ce, "Baba, dubi!"

Taku ɗaya a gaban yaron akwai tsohuwar rijiya, ciyawa ta rufe bakinta.

Tsohon yana haki ya ce, "Abin da nake so in gaya maka ke nan. Bara ta ci mini tunkiya. Ina kira, kana gudu."

Dutsen ya suɓuce daga hannun mutumin. Kunya ta rufe shi. Ya jefa wayar a aljihu, ya rungume ɗansa da hannu biyu, suka bi bayan tsohon har gindin ɗorawa.

Ma'anar wannan misali ita ce: taswirar nan wayonmu ne da iliminmu. Ba ƙarya ta yi ba, hanyar tana nan da rani, amma ba ta san damina ba, ba ta san rijiya ba. Tsohon kuwa shi ne duk wanda Ubangiji ya tsayar a bakin hanyarmu ya gargaɗe mu, ko uwa, ko dattijon ikkilisiya, ko maƙwabcin da muka raina. Ban ce ku gaskata kowa ba, duniya ta lalace, na sani. Amma a bari mutum ya gama maganarsa tukuna, sa'an nan a auna ta da Maganar Allah. Ku iyaye, ku duba hannuwanku: me kuka riƙe har kuka saki yaro? In kun yi taurin kai, ba ku kaɗai kuke shiga dawa ba.

Kuma ku lura, tsohon bai ce "Su ƙarata" ba. An ƙi shi, an zarge shi, duk da haka ya ajiye laujensa ya bi sawu. Haka Ubangiji yake yi da mu. Kai da kake jin taku a bayanka kana ƙara sauri, tsaya ka waiwaya. Ba ɓarawo ba ne, Mai Cetonka ne, kuma ya san inda rijiyar take.