Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ga ta nan, ga ta nanku, yaran gidan nan.

Ta zo mu ji ta, ko da mai ɗaci ce.

To, mai ɗacin ce kuwa. Wanda ya san hawayensa a kusa suke ya matso jikina.

An yi wani manomi wai shi Sallau, ɗan fari ne wurin uwarsa. Kun dai san kunyar ɗan fari. Tun da aka raɗa masa suna, bakin Inna bai taɓa furta shi ba. In za ta ba shi tuwo sai ta ce, "Kai, zo ka ɗauka." In an tambaye ta ina yake sai ta ce, "Wancan yana gona." Har ya yi gemu, har ya haifi 'ya, abin yana ci masa rai, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Wata rana da almuru maciji ya sari 'yarsa Delu. Mai maganin dafi kuwa yana bayan Dajin Kukoki, tafiyar kwana uku. Amma a ƙasar nan hanya tana naɗewa da dare kamar tabarma. Abin da za ka taka kwana uku da rana, kafin asuba ka je ka dawo, ba zafi ba ƙishirwa. Shi ya sa mutane suke son tafiyar dare, shi ya sa kuma take cinye su.

Inna ta miƙa masa sanda, ta kau da kai. "Kai, Allah ya kiyaye hanya."

A bakin daji ya tarar da jemage rataye a tsamiya. Jemage ya ce, "Ɗan Adam, akwai kura a ciki mai aron murya. Kowa ya kira sunanka kada ka amsa, kada ka waiwaya. In ka amsa, hanya ta warware, kai kuma ka zama na kura."

Ya shiga, yana tafiya, yana tafiya. Sai ya ji muryar matarsa: "Sallau, Sallau, dawo, Delu ta tashi." Bai amsa ba, bai waiwaya ba. Ya isa, ya karɓi magani, ya juyo.

Yana tafiya, yana tafiya, sai ya ji muryar Inna: "Sallau, Sallau, tsaya mini." Ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Shekara arba'in yana jiran wannan. Sai ya tuna, ya dubi sandarsa ya ce da ita, "Kin ji maƙaryaciya. Inna ba ta faɗin sunana."

Kai, Sallau, wa ya aike ka? Ai kura tana da kunne. Ya ji gudu ya wuce shi cikin ciyawa, ya nufi wajen gari, bai kawo komai a ransa ba.

Yana tafiya, yana tafiya, har ya iso bakin daji, inda tsamiyar nan take. Sai ya sake jin muryar Inna, a dishe: "Sa... Sallau. Sallau. Sallau, ɗana."

Ya ce a ransa, wannan kura ba ta gajiya. Ya toshe kunnuwansa da yatsu. Bai amsa ba, bai waiwaya ba.

Ya shiga gida ya ɗura wa Delu magani. Da gari ya fara wayewa yarinya ta buɗe ido ta nemi ruwa. Ya nufi ɗakin Inna da albishir, ya tarar da tabarma babu kowa.

Matarsa ta ce, "Maigida, ba tare kuke ba? Mun ji muryarka a bayan danga kana cewa, 'Inna, na karye, zo ki kama ni.' Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba."

Ya koma da gudu. A gindin tsamiya ya sami kallabinta da 'yar fitilarta a kife, ga sawun kura ya yi cikin daji.

Ya ɗaga kai. "Jemage, ita ce?"

Jemage ya ce, "Ita ce. Ta ji takunka ta gane ka. Kiran farkon da ƙyar ya fito, kamar mai koyon magana. Na so in yi maka magana, kunnuwanka a toshe."

Sallau ya zauna a ƙasa ya rungume kallabin, ya ce, "Na'am, Inna." Ya yi ta faɗi har rana ta take, babu mai ji sai jemage.

Daga ranar ya roƙi mutanen gari kada wanda ya ƙara kiran sunan. Delu ta rayu, ta girma tana jin kowa yana ce wa ubanta "Kai".

Kun ji. Dare yana rage maka hanya, amma ba kyauta yake yi ba. In ka shige shi, abin da ke tsare ka, ka bar shi a cikinka, ko sandarka kada ka gaya wa.

Ƙurunƙus, kan jemage. Ku tashi, kowa ya je ya ce wa innarsa sai da safe.