Ƙasar Furen Takalmi

A zamanin da aljanu ke cin kasuwa ɗaya da mutane, an yi wani jarumi, Yarima Munzali ɗan Sarkin Zarƙa, wanda ƙarfinsa ya fi fahimtarsa nesa ba kusa ba. An yi masa baiko da Gimbiya Sakinatu, wadda wani matsafi ya ɗaure ranta a jikin wani fure mai leɓe kamar takalmi, ta yadda duk ganyen da ya faɗi sai jikinta ya ƙara tsanani. Furen yana cikin tukunyar zinariya cike da laka, kullum ana ba shi ruwa, kullum yana ƙara yaushi.

Munzali ya ɗora wa matsafin takobi a wuya. Matsafi ya ce, "Ranka ya daɗe, furen nan ƙasarsa yake nema," ya ɓace.

Gogan naka bai tambayi kowa ba. Ya rungumi tukunya ya ratsa hamada, ya ci ƙasar masu kan tagulla da yaƙi, ya ci birnin matsafa mai ganuwar madubi, ya ci tsibirin da kifaye ke shari'a, ko'ina ya ɗaga fure ya nuna masa, fure ya ƙara sunkuyar da kai. Abin ya ɗaure masa kai. Ƙasar ce ta yi kaɗan, ko sarauta furen yake so? Har rawani ya naɗa wa tukunyar.

Ganye ɗaya ya rage lokacin da ya isa dutsen Damraƙu, sarkin aljanu. Ya daka tsawa ya ce, "Ya kai shugaban ɓoyayyun halittu, miƙa ƙasarka ga furen nan, ko takobina ya karɓar masa!"

Suka gwabza har duwatsu suka tsage. Munzali ya kayar da shi, amma tukunya ta fashe, warin ruɓaɓɓiyar saiwa ya tashi. Jarumin da bai taɓa jin tsoro ba ya durƙusa yana kuka.

Damraƙu ya toshe hanci ya ce, "Ya kai ɗan Adam, laka ce ta shaƙe shi. Ɓawon itace yake so, da gawayi, da tsakuwa, da ruɓaɓɓen ganye, don ruwa ya wuce, iska ta shiga."

"Wannan ai shara ce! Ina ƙasar?"

"Sharar ce ƙasarsa."

Munzali bai gane ba, amma ya yanke ruɓaɓɓun saiwoyin, ya zuba sharar a kwalkwalinsa na yaƙi wanda tsinin mashi ya huhhuda, ya dasa furen. Kafin ya iso gida sabon ganye ya fito, ya tarar da Sakinatu tsaye a bakin ƙofa.

Aka ɗaura aure, aka naɗa shi sarkin dukan ƙasashen da ya ci. Amarya ta dubi sarakunan da ke mubaya'a ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan kuma me suka yi maka?"

Sarki ya dubi kwalkwali, ya dubi sarakuna, ya ce, "Wallahi, Gimbiya, ni ma abin da nake ta tunani ke nan."