Dalilin da Ya Sa Baban Lambu Ba Ya Yarda da Ƙaura

Dalilin da ya sa baban lambu ba ya yarda a tumɓuke shi a kai shi wani wuri, ku matso ku ji, don duk garin nan ni kaɗai na san shi, sauran masu furfurar cin tuwo kawai suka iya. Baban da nake nufi shi ne mai shuɗin furen nan na bakin rijiya, wanda ya yi kama da baban rini, amma ko buhu guda ka daka ba zai rina maka hula ba.

Da can ba haka yake ba. Shi ne ma sarkin rini, ganye uku sun ishi marina guda. Saiwarsa kuwa ba ta fi ta albasa ba. Ka cire shi da safe ka dasa da yamma, ko yaushi ba ya yi.

To akwai wata tsohuwa, Kyallu, tana da gindi ɗaya a bayan ɗakinta, mijinta ne ya dasa mata shekarar da aka kawo ta gidan. Ita ta san ranar yankan ganye, kafin fure ya leƙo. Ta daka, ta dunƙula, ta shanya. Shunin da ya fito daga hannunta, sai riga ta yage launin bai koɗe ba. 'Ya'yanta biyu, Tunau da Arzika, kowa da marinarsa, ɗaya a gabashin gari, ɗaya a yamma.

Da mijin ya rasu ta fita takaba, Tunau babban ya zo ya ce Inna ba za ta zauna a kango ita kaɗai ba. Arzika ya ce ai ɗakin da ya gina mata ya fi shan iska. Baki na cewa tausayi, ido na bayan ɗaki. Dattawa suka raba gardama, damina wurin wannan, rani wurin wancan. Ita dai ba wanda ya tambaye ta.

Haka ta yi shekara uku. Duk ƙaura sai ta tone babanta ta sa a kasko, ta ɗora a ka, ta ratsa gari. Kuma hanyar ta ƙofar gidanta ta bi. Ta ga dangar ta kwanta, ta ga awaki a inda mijinta ke shimfiɗa buzu, ta wuce.

Ta gaya wa Arzika gida take so. Ya ce in Yaya ya yarda, shi ba shi da ta cewa. To ga inda gizo ke saƙar. Tunau ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba sa zama tabarma ɗaya. Da wane bakin za ta roƙe shi?

Ran wata ƙaura, ƙarshen rani, tana zuwa ƙofar gidan sai ƙafa ta ƙi gaba. Ta shiga, ta mayar da baban tsohon raminsa, ta share ɗaki ɗayan da rufinsa bai rufta ba, ta zauna. Kwana huɗu ta samu.

Na biyar da hantsi sai ga Tunau da jaki. Ya tsuguna can nesa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, a tashi, kar rana ta yi."

Ba ta dube shi ba. Tana ba baban ruwa da ludayi, sai ta ce da baban, yadda Tunau da ke tsugune zai ji, "Ni an mai da ni tabarma, a naɗe a shimfiɗa, kuma ban iya cewa a'a ba. Nan aka kawo ni, nan na so a fitar da ni. Kai dai in kana da wayo, kama ƙasa."

Tunau ya ji, wallahi ya gane sarai. Amma ya tuna marinarsa. Sai ya juya wajen jaki yana gyara akumari, ya ce, "Tsufa ya fara taɓa Inna, ga ta tana hira da ganye."

Ya je ya ja baban, bai fito ba. Ya ce taurin ƙasa ne, a bari ruwa ya sauka. Ya ɗora uwarsa a jaki. Ba ta yi kuka ba, ta dai yi ta waiwaye har dangar ta ɓace.

Ba wani ciwo ta yi ba. Tuwo ne ya riƙa komawa yadda aka kawo shi. Kafin gero ya kai gwiwa aka fitar da ita daga gidan da ba nata ba.

Ana share makoki, 'yan'uwan suka yi tsere zuwa kangon, kowa da daginsa. Suka tona kamu ɗaya, saiwa na tafiya. Suka tona gaba guda, tana tafiya. Ramin nan na taɓa faɗawa cikinsa ina yaro, sai da na ji yunwa kafin na kai ƙasa. Da suka gaji, Tunau ya sa gatari ya datse ta, ya kai gida ya dasa. Kwana uku ya bushe ƙayau.

'Ya'yan da baban ya zubar a kangon suka tsiro. Aka yanka, aka daka, aka zuba a marina, ruwa ya fito fari-fari kamar an wanke tsohon zane. Duk ƙarfin da yake yin shuni da shi ya mayar ƙasa. An ce Tunau ya daɗe zaune bakin marinar nan, hannunsa cikin ruwa.

Shi ya sa har yau, in za ku shuka baban lambu, ku zaɓa masa wurin da zai tsufa tun yana ƙwaya. Rani ya ƙone shi, damina ya dawo a inda kuka bar shi, amma kuka ɗaga shi ya mutu. In kuma kuka ji tsohuwa tana magana da ganye, kada ku yi dariya. Ku tsaya ku saurara, da ku take.