Kurege da Lambun Iya Delu

To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wata tsohuwa ce, Iya Delu, ba ta da kowa sai ɗan lambu a bakin rafi, dankali da albasa, da 'yan barkono a kan tudu. Takinta kashin awaki da toka. Abin da za ta ci har damina ke nan.

Kurege ya zo satar dankali, ya tarar ƙasa ta yi tauri. Ya tona, ya tona, farce ya karye. Sai ya karkaɗe jiki, ya je ya yi sallama.

Ya ce, "Iya, shukar nan ƙishirwa take ji. Ƙara ruwa."

Ta ƙara. Ganye ya fara rawaya.

Ya ce, "Kin gani? Ƙishirwa ce. Ƙara ruwa."

Baiwar Allah, ta ja guga da safe, ta ja da yamma, har bayanta ya ƙage. Shi kuwa ja'irin so yake ƙasa ta yi laushi. Ta kuwa yi, har ta koma kamar kunu. Ya shiga, ya ciro dankali, ruɓaɓɓe. Ya ciro wani, ruɓaɓɓe. Ya juya zai fita, taɓo ya riƙe shi har wuya.

Nan Iya Delu ta same shi. Ta dubi dankalin, ta zauna ta yi kuka mai isarta, abin tausayi. Sannan ta zaro shi ta kunne.

Ta ce, "Ka kashe mini abinci. Kai ne miyar yau."

Ya ce, "Iya, miyata ta yini ɗaya ce. Bar ni in fitar miki da ruwan."

Ta ɗaura masa igiya a ƙugu. Ya tona wa ruwa hanya har rafi. Ita kuma ta ajiye guga, ta kwashe ruɓaɓɓu, ta sassauta ƙasa, ta barbaɗa busasshen taki. Kwana bakwai yana tono, ran na takwas ya tsinke igiya da haƙori ya tsere.

Lambu ya farfaɗo, amma ba abin da ya tsira sai 'yan barkonon nan na kan tudu. Marar kunyar ya dawo sata, ya gatsa ɗaya, ya yi rafi da gudu yana hawaye. Iya Delu tana zaune tana kallonsa. Ba ta yi dariya ba, don ita ma barkonon za ta ci.

Ƙurunƙus kan kurege. In ɓarawo ya kawo muku shawara, ku miƙa masa gugan ya ja da kansa.