Jakar Kyamara A Filin Jirgin Yola

Akwai wata mata mai suna Margret, 'yar Betso ta wajen Mubi, ma'aikaciyar jinya a Abuja. Tun ranar da aka kai hari Mubi a 2014, wayar mahaifiyarta Liyatu ta daina shiga. Da abubuwa suka lafa, ta zo Yola ta yi mako biyu tana bin sansanonin 'yan gudun hijira, ba ta ji ko ɗuriyarta ba. Ranar komawa ta isa filin jirgi zuciyarta a dagule, kowa ta kalla sai ta ga kamar da hannunsa a ciki.

A layin bincike akwai wani dogon mutum a gabanta, rungume da baƙar jaka kamar mai jego da jaririnta. Da ya buɗe ta, Margret ta leƙa. Kyamara biyu, batura, wayoyin caji a cukurkuɗe, da wani ɗan littafi cike da sunayen mutane da unguwanni.

Nan da nan ta zarge shi. Ta lallaɓa wajen jami'in tsaro ta ce masa a kunne:

"Oga, a duba mutumin nan da kyau. Sunayen mutane yake tarawa. Wallahi ban yarda da shi ba."

Nan take aka janye shi gefe. Margret kuwa ta gyara tsayuwa, a ranta ta ceci jirgi guda.

"Sunanka?" in ji jami'in.

"Ishiyaku. Mai hoto ne ni a Mubi."

"Kunna kyamarar mu gani."

Ya kunna. Ƙofofin gidaje ne, ɗaya bayan ɗaya, wasu a ƙone, wasu lafiya lau. Jami'in ya haɗe rai.

"Gidajen mutane kake ɗauka? Wa ya aike ka?"

"Masu gidajen, ranka ya daɗe. Sun gudu Abuja, suna tsoron dawowa. Kowa ya ba ni kwatancen nasa, in ɗauko masa ya gani ko yana nan."

Aka fara kiran fasinjoji. Ishiyaku bai ɗaga murya ba, hoto bayan hoto yana faɗin mai gidan, jami'in yana dubawa a littafin. Margret ta ƙi yin gaba, tana jiran ƙaryarsa ta ƙare.

Can jami'in ya tsaya a kan wani hoto ya ce, "Wannan tsohuwar fa? Ba na ganin sunanta a nan."

"Ba ta cikin masu aike na. A Betso na same ta, ta sauko daga dutsen da ta ɓuya tana gyara rumbunta. Ba ta da waya yanzu, ba ta riƙe lambar kowa ba. Ta ce in ɗauke ta, in nuna a coci-coci a Abuja, ko 'yarta Margret za ta gani."

Jakar hannun Margret ta faɗi ƙasa. Ta matso ta leƙa hoton. Mamanta ce, ta rame, amma tana murmushi.

Ta durƙusa a gabansa tana kuka. "Baba, ni ce na sa aka tsare ka. Ka yafe mini."

Ishiyaku ya dube ta, ya dubi hoton, ya ce, "Ai kin rage mini yawo, 'yata. Tashi ki nemi motar Mubi, kullum da yamma mamanki tana zama a ƙofar gida."

Darasi: Tsoro ba laifi ba ne, amma kada ya sa ka yanke wa mutum hukunci kafin ka ji ta bakinsa. Wanda kake zargi yana iya kasancewa shi ke ɗauke da abin da ka daɗe kana nema. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.