Jinkar da Ta Ƙi Ɗaguwa

Akwai wani magidanci, ƙaƙƙarfa ne, ga shi da zafin nama. A ƙauyensu, in mutum ya gama ɗaura jinka a ƙasa, sai ya kira maƙwabta a ɗaga ta a ɗora kan ɗaki. Shi kuwa duk ranar da aka kira shi, ranar ce gonarsa ke nemansa. Sau uku wani dattijo maƙwabcinsa ya aika masa, sau uku ya ce ga shi nan zuwa, bai je ba.

Amma in ya ga 'ya'yansa suna gardamar wa zai ɗebo ruwa, sai ya yi ta faɗa, wai yara ba su san haɗa kai ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ana nan, da farkon damina iska ta yaye rufin ɗakin matarsa, ita kuwa kwananta tara da haihuwa. Ya ɗaura sabuwar jinka. Ranar da ya gama, hadari ya haɗo daga gabas. Ya sa kafaɗa, jinka ko gezau. Ya kira yaran, babban ya ce ai su ɗakinsu ba ya yoyo.

Ya nufi gidan dattijon, ya kai bakin ƙofa, kunya ta hana shi sallama, ya juyo. Bai kai gida ba sai ga dattijon a bayansa da mutum bakwai, ashe ya hango shi ta dangar gidansa.

Dattijon ya ce, "Kama can, ɗana. Kowannenmu ya taɓa tsayawa gaban jinkarsa haka."

Ana ɗorawa, yayyafi ya sauko. Magidancin kuwa, da zaginsa suka yi, da ya fi masa sauƙi.

Ma'anar misalin nan ita ce: yaro yana ƙin taimako don wani ne ke rufa masa ɗaki, bai taɓa rasa ba. Babba kuwa ya taɓa tsayawa gaban abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma tuna hannuwan da Ubangiji ya aiko masa. Gemu ba shi ne girma ba. 'Yan'uwa, kafin mu tsawata wa yaranmu, kowa ya tambayi kansa: sau nawa aka aiko mini, na ce ga ni nan zuwa?